Ilimin Adadi Tsakanin Bagadaza da Birnin Zazzau: Nazari a Kan Adadin Riɓanya Gidajen Shaɗaranji

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin wani adadi mai lambobi ashirin, wato 18,446,744,073,709,551,615, wanda ya shahara a littattafan malaman Musulunci. Ta fayyace siffofinsa bisa rabe-raben da magabata suka yi wa adadi, sannan ta duba hanyoyi uku da manyan lambobi suka bi suka zauna a ƙasar Hausa: ƙirgar wuri a kasuwa, rabon gado a zaure, da ilimin aufaƙi. Manufarta ita ce ta raba ilimin lissafi da duba, domin cakuɗa su da aka yi ya jawo wa ɗaliban fiƙihu hasara.

Gabatarwa

Mai fitowa daga Tudun Wada zuwa cikin birnin Zariya ta Ƙofar Doka yake bi. A gefen wannan ƙofa Kwalejin Alhudahuda take, wadda a da ita ce Makarantar Midil ta Zariya, inda 'ya'yan birni suka daɗe suna koyon lissafin boko. A cikin ganuwa kuwa akwai unguwannin malamai irin su Juma da Kona, waɗanda zaurukansu suka girmi makarantar allon bango da ƙarnuka. Da yawa cikin ɗalibai suna ɗaukar cewa lissafi a bakin ƙofar ya tsaya, abin da ke cikin zaure kuma fiƙihu ne da lugga da nahawu kawai. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 5 ta Suratu Yunus, ya danganta masaukan wata da sanin adadin shekaru da lissafi. Imam al-Gazali (ya rasu 505H/1111M) ya sanya lissafi tare da likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din, saboda ciniki da wasiyya da gado ba su daidaituwa sai da shi. Tun kafin shi, al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza zamanin Halifa al-Ma'amun, ya keɓe babban sashe na littafin ga matsalolin wasiyya da gado.

Asalin Adadin

Alƙali Ibn Khallikan (ya rasu 681H/1282M) ya kawo labarin a cikin Wafayatul A'ayan, ƙarƙashin tarihin Abubakar as-Suli, gwanin shaɗaranji na fadar Abbasiyawa. Shaɗaranji wani nau'in dara ne da ya samo asali daga ƙasar Hindu, mai gida takwas a tsaye takwas a kwance, jimla 64. An ce wanda ya ƙago shi, Sissa ɗan Dahir, da sarki ya ce ya faɗi ladan da yake so, sai ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta riɓanyawa har gida na ƙarshe. Sarki ya raina buƙatar, sai da ma'aikatan baitulmali suka zauna suka auna, suka dawo suka shaida masa cewa alkamar duniya ba za ta biya ba.

Ibn Khallikan bai karɓi maganar haka nan ba. Ya ambaci cewa wani masanin lissafi na Iskandariyya ne ya warware masa shakka, ta hanyar mayar da ƙwayoyi zuwa ma'auni. A gida na 16 akwai ƙwaya 32,768, sai ya ƙaddara su ƙadahi guda, wato ma'auni ɗan'uwan mudu. Aka ci gaba da riɓanya ma'auni har gida na 40, inda aka ƙaddara abin da ya taru rumbu guda. A gida na 50 rumbuna sun zama 1,024, aka ƙaddara su birni guda. A gida na 64 birane sun kai 16,384. Dabarar a nan ita ce, idan adadi ya fi ƙarfin tunani, sai a ɗaure shi dami-dami, a riƙa ƙirga damman.

Tun kafin wannan, Abu Raihan al-Biruni ya kawo adadin filla-filla a littafinsa al-Asarul Baƙiya, wanda ya rubuta wajen shekarar 390H/1000M. Hanyarsa gajeriya ce. Gida na 5 yana ɗauke da 16. Idan aka ninka 16 da kansa za a sami 256, abin da ke gida na 9. Idan aka ninka 256 da kansa za a sami 65,536, abin da ke gida na 17. Wannan kuma da kansa ya ba da 4,294,967,296, gida na 33. Ninki ɗaya ya rage, sai ga abin da zai kasance a gida na 65 da a ce akwai shi. Tun da kowane gida ya ɗara jimlar duk gidajen da suka gabace shi da ɗaya tak, sai a ɗebe ɗaya, a sami jimlar gidaje 64. Ninki huɗu ya wadatar maimakon riɓanyawa 63.

Ya kamata a lura cewa hukuncin wasan daban, lissafinsa daban. Imam Malik bai ga alheri a wasan shaɗaranji ba, kuma Risalar Ibn Abi Zaid ta hana shi. Duk da haka malamai ba su ƙyamaci matsalar riɓanyawa ba, domin a wurinsu darasi ce ta ƙididdiga.

Yadda Magabata Suka Rarraba Adadi

Sabit ibn Ƙurra (ya rasu 288H/901M) ya fassara littafin Nikomakus na Girka a kan adadi zuwa Larabci, daga nan rabe-raben suka shiga Rasa'il na Ikhwanus Safa da ash-Shifa na Ibn Sina. Rabo na farko shi ne zauji da fardu, abin da Bahaushe ke kira cika da mara. Zauji kuma hawa-hawa ne: akwai zaujuz zauji, wanda ake ta raba shi biyu har a dire kan ɗaya, kamar 64, akwai zaujul fardi, wanda rabawa ɗaya ke kai shi ga mara, kamar 6, akwai kuma na tsakaninsu, kamar 24. Rabo na biyu shi ne awwal da murakkab. Awwal shi ne adadin da babu mai raba shi ba saura sai ɗaya da shi kansa, kamar 7 da 17. Murakkab shi ne wanda aka gina da ninka waɗansu, kamar 15.

Rabo na uku ya dogara ga tara sassan adadi, wato duk lambobin da ke raba shi ban da shi kansa. Idan jimlarsu ta yi daidai da shi, sunansa tammu, kamar 6 da 28. Idan ta zarce, za'idi ne, kamar 12, wanda sassansa suka tashi 16. Idan ta gaza, naƙisi ne, kamar 8, wanda sassansa suka tashi 7. Abdulƙahir al-Bagdadi (ya rasu 429H/1037M), wanda ɗaliban aƙida suka sani da al-Farƙu bainal Firaƙ, shi ne kuma marubucin at-Takmila fil Hisab, inda ya ambaci 945 a matsayin mara na farko da ya zama za'idi. Sassansa sun tashi 975.

Daga wannan reshe aka fitar da lambobi masu ƙaunar juna, al-a'adadul mutahabba, wato biyun da sassan kowane ke ba da ɗan'uwansa. Sassan 220 sun tashi 284, sassan 284 kuma sun tashi 220. Sabit ya kafa ƙa'idar nemo irinsu. Kamaluddin al-Farisi, a farkon ƙarni na 14, ya kai ga 17,296 da 18,416, fiye da shekara 300 kafin Fermat na Faransa ya ambace su a 1636. Muhammad Baƙir al-Yazdi ya kai ga 9,363,584 da 9,437,056, waɗanda Descartes ya ambata a 1638.

Siffofin Adadin Shaɗaranji

Idan aka ɗora wannan babban adadi a kan waɗannan ma'aunai, abu na farko da zai bayyana shi ne mara ne, domin kowane gida cika yake ɗauke da shi in ban da na farko. Na biyu, murakkab ne, tun da ya ƙare da 5. Malaman lissafi na Magrib, irin su Ibn al-Banna na Marrakush (ya rasu 721H/1321M) mai Talkhisu A'amalil Hisab, suna gwada adadi ta hanyar zubar da tara-tara, takwas-takwas ko bakwai-bakwai. Lambobinsa ashirin idan aka tara su za su ba da 87, saurarsa bayan zubar da tara 6 ne. Saboda haka 3 yana raba shi, 9 ba ya raba shi. Saurarsa a kan takwas 7 ne, a kan bakwai kuma 1.

Gininsa yana bin matakan al-Biruni sau da ƙafa. Jimlar gida biyu 3 ce. Jimlar gida huɗu 15 ce, wato 3 sau 5. Jimlar gida takwas 255 ce, wato 15 sau 17. Ta gida 16 ita ce 65,535, wato 255 sau 257. Ta gida 32 ita ce 65,535 sau 65,537. Ta gida 64 kuwa ita ce wannan sakamako sau 4,294,967,297. Fermat ya yi zaton duk lambobin wannan jeri awwal ne, har sai da Euler ya nuna a 1732 cewa na ƙarshen nan 641 ne sau 6,700,417. Ke nan tubalan adadin bakwai ne: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417, babu wanda ya maimaitu. Daga nan ake gane cewa masu raba shi 128 ne, har da ɗaya da shi kansa, kuma sassansa sun tsaya wajen kashi 70 cikin 100 na girmansa. Duk da yawansa, naƙisi ne.

Ba ya kuma haifar da adadi tammu. Ƙa'idar Uƙlidis ta ce idan jimlar riɓanyawa ta zama awwal, sai a ninka ta da gida na ƙarshe a sami tammu: 1 da 2 da 4 sun tashi 7, sannan 7 sau 4 ya ba da 28. Jimlar gida 64 ba awwal ba ce. Da allon ya tsaya a gida na 61 da sharaɗin ya cika, kamar yadda Pervushin na Rasha ya tabbatar a 1883.

Wuri da Harshen Ƙirga a Ƙasar Hausa

Manyan lambobi ba baƙi ba ne ga Bahaushe, domin kuɗinsa wuri ne, wuri kuwa sai da yawa yake sayen abu. Tsohuwar ƙirga tana da gomiya biyu da gomiya uku, da hauya ga ashirin, da zangu ga ɗarin wuri, da zambar ga dubbai, da keso ga wuri 20,000. Zuwan malamai da fatake ya kawo ashirin da talatin har zuwa casa'in, da metan da arbaminya da hamsaminya da alif da alfyan, da salon ragewa irin na metan gaira ashirin. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa a 1851, ana jan su biyar-biyar ana tara su tsibi-tsibi. A Kano ya tarar ana canza riyal guda a kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. A Zazzau, bayan Malam Musa ya karɓi birni a 1808, da wuri ake tara haraji irin su kuɗin galma. Haka aka ci gaba har Turawa suka shigo a 1902, suka hana shigo da wuri a 1904.

Hanyar mai ƙirgar wuri ita ce hanyar masanin Iskandariyya: biyar ta zama tsibi, tsibi ya zama zangu, zangu ya zama zambar, zambar ta zama keso. Amma ko da wannan ma'auni, adadin shaɗaranji ya haura keso tiriliyan 922. Da za a biya shi da cinikin tufafin Kano na zamanin Barth, da sai an yi fiye da shekara biliyan 61. Larabcin da ba shi da kalma sama da alfu yakan maimaita ta ne, kamar yadda Bahaushe ke cewa zambar dubu. Mai karanta wannan adadi da tsohon salo sai ya jera kalmar dubu sau shida kafin ya sauka daga matakin farko.

Zauren Gado

Inda rarraba adadi ya fi shafar haƙƙin mutane shi ne fara'id. Ɗalibin zaure yakan taso daga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya isa Risala da Askari, ya ƙare da Muhtasar na Halil, wanda aka rufe shi da babin gado. A nan yake koyon tushen matsaloli bakwai, wato 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, da kuma alaƙoƙi huɗu tsakanin kowane lambobi biyu. Tamasuli shi ne su zama daidai. Tadahuli shi ne ƙaramin ya raba babban, kamar 3 da 9. Tawafuƙi shi ne su haɗu a kan mai raba su duka, kamar 6 da 8. Tabayuni shi ne su rasa mahaɗa in ba ɗaya ba, kamar 4 da 7. Wanda bai san awwal da murakkab ba ba zai bambance waɗannan da tabbaci ba.

Misali, mutum ya rasu ya bar mata 4, 'ya'ya mata 7 da 'yan'uwa shaƙiƙai maza 9. Tushen matsala 24 ne: mata suna da sumuni, kashi 3, 'ya'ya mata suna da sulusi biyu, kashi 16, 'yan'uwa suna da saura, kashi 5. Babu rukunin da kasonsa ya rabu a kan kawunansa, kuma 4 da 7 da 9 duk tabayuni ne. Sai a ninka su a sami 252, a ninka da 24 a sami 6,048. Kowace mata 189, kowace 'ya 576, kowane ɗan'uwa 140. A littattafan waɗansu mazhabobi akan ƙara kakanni mata 5, matsalar ta tashi 30,240, ana kiranta matsalar jarrabawa. Wannan ba ya aukuwa a mazhabar Malikiyya, domin kakanni mata biyu kaɗai ke gado a cikinta. Idan kuma wani magaji ya rasu kafin a raba, aka shiga munasaha, lambobi sukan ƙara hauhawa. Kuskure ɗaya a nan cin dukiyar maraya ne, ko da ba da niyya ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa hisabi cikin fannonin da ya karanta a littafinsa Ida'un Nusukh.

Al-Katsinawi da Aufaƙi

Fitaccen sunan ƙasar Hausa a wannan fage shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi. Ya yi karatu wurin malaman Sudan ta Tsakiya, ciki har da Muhammad al-Wali na Bagarmi, ya tafi aikin hajji, ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti a 1154H/1741M. Ɗan mai masaukinsa, Abdurrahman al-Jabarti, ya rubuta tarihinsa a Aja'ibul Asar. Littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da aufaƙi ya kammalu a 1145H, wato tsakanin 1732 da 1733, daidai lokacin da Euler yake warware tubalin ƙarshe na adadin shaɗaranji.

Wafaƙi, wanda aka fi sani da hatimi, jeri ne na lambobi a gidaje yadda kowane layi, a tsaye da kwance da karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida uku-uku yana ba da 15. Hanyar gina shi ta dogara ga nau'in adadin gefensa, ko mara ne, ko huɗu yana raba shi, ko biyu kaɗai. Al-Katsinawi ya yi bayanin hanyoyin gina masu gefe mara. Allon gida 64 da kansa yana karɓar wafaƙi: lambobi 1 zuwa 64 jimlarsu 2,080, kowane layi 260. Allo ɗaya ne, ƙari da ɗaya-ɗaya ya tsaya a lambobi huɗu, riɓanyawa ta kai ashirin. Mai tunani zai hango dalilin da ya sa Alƙur'ani ya yi amfani da riɓanyawa wajen kwaɗaitarwa a misalin ƙwaya mai zangarniya bakwai a Baƙara aya ta 261, da wajen tsoratarwa game da riba a Ali Imrana aya ta 130.

Haruffa ma suna da lissafinsu, kuma ƙasar Hausa ta bi jerin abajada na Magrib, wanda ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida. A Magrib shinun 1,000 ne, a Gabas 300. Shekarar rasuwar Shehu Usmanu, 1232H, idan aka mayar da ita haruffa za ta zama shinun da ra da lam da ba. Wanda ya karanta waɗannan da ƙa'idar Gabas zai sami 532, ya yi kuskure da shekara 700. Mai nazarin ramzin da marubuta waƙoƙin ajami ke rufe waƙa da shi, ko mai bincike a taskar rubuce-rubucen hannu ta Jami'ar Ahmadu Bello, ba shi da makawa sai ya san wannan.

Lissafi da Duba

Ba za a ɓoye ba cewa aufaƙi sun shiga hannun masu duba da masu laya, har kalmar hisabi a bakin jama'a ta koma nufin bugun ƙasa da taurari. Al-Katsinawi kansa yana da ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Ibn Khaldun (ya rasu 808H/1406M) ya riga ya ja layi a Muƙaddima: ya ware fasali ga ilimin adadi, ya sanya aljabara da mu'amala da fara'id cikin rassansa, ya yaba shi da cewa yana saba wa hankali bin gaskiya. Ya ware wani fasali dabam ga sihiri da ɗalasimai, inda ya ambaci yadda ake amfani da 220 da 284 wajen neman soyayya, ya bayyana cewa shari'a ta hana. Shehu Usmanu ma ya yi inkarin masu da'awar sanin gaibu ta hanyar duba a Nurul Albab. Abin da aka hana shi ne jingina wa adadi tasiri ko neman gaibu da shi. Cewa sassan 220 sun tashi 284 gaskiya ce da kowa zai iya tarawa ya gani.

Kammalawa

Adadin da al-Biruni ya rubuta fiye da shekara dubu da ta wuce shi ne a yau iyakar abin da kwamfuta mai tsarin gurbi 64 ke iya riƙewa a ma'ajiya guda, saboda ita ma riɓanyawa take yi. Fannin bai tsufa ba, masu shi ne suka sake shi. Lokacin da aka yaƙi duba, an haɗa har da lissafin da duba ya fake da shi, lokacin da boko ya zo kuma aka sallama masa abin da ya rage. Sakamakon shi ne ɗalibin da ya haddace masu rabo da masu asaba, amma tashihin matsala mai rukuni uku ya gagare shi. Gyaran yana hannun sassan nazarin addini na jami'o'i da malaman zaure: a mayar da babin awwal da murakkab da alaƙoƙi huɗu gaban babin gado, a tace rubuce-rubucen al-Katsinawi da ire-irensa a fitar da lissafin da ke ciki, a kuma koyar da abajadan Magrib ga duk mai shirin taɓa tsofaffin takardu. Allah ne mafi sani.